CCNA, Network+, Huawei ko MikroTik: wace takardar shaida ta cancanci kuɗinka?

Dala 300 ake biya kafin a zauna jarrabawar CCNA, takardar shaidar ƙwarewa a harkar netwok, wato haɗa kwamfutoci da na'urori su riƙa sadarwa. Kafin watan Yunin 2023, lokacin da dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, matashi mai ɗan abin yi yana iya tara kuɗin cikin 'yan watanni, ko yayansa ya biya masa ba tare da gida ya ji a jiki ba. A 2024 dala ta haura naira 1,500, sai jarrabawar nan guda ɗaya ta koma kusan naira 450,000, wato ta fi albashin wata shida na ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Wanda ya faɗi kuwa ba a mayar masa da ko kwabo, in zai sake zama sai ya sake biya cif. Shi ya sa tambayar wace takardar shaida za a fara nema a harkar netwok ta wuce hirar majalisa. Yawancin masu yin ta dama ɗaya gare su, in ta suɓuce sai an daɗe kafin a sake haɗa kuɗin.

Abu biyu ne ake cakuɗawa, kuma ya kamata a raba su tun daga farko: ilimin da za ka karanta daban, jarrabawar da za ka biya wa kuɗi daban. Ilimin kusan guda ne ko ta wace ƙofa ka shiga. Dole ka iya adireshin IP da yadda ake yanka shi gida-gida, abin da masu sana'ar ke kira sabnetin. Dole ka san yadda suwici ke gane na'urorin da aka jona masa ta adireshin MAC, da yadda ake raba ofis guda zuwa VLAN daban-daban don kada kwamfutocin sashen kuɗi su haɗu da wayoyin baƙi, da yadda rauta ke zaɓar hanyar da saƙo zai bi, ko dai an rubuta mata da hannu ko ta koyo daga maƙwabtanta ta OSPF. Sai DHCP mai raba wa na'urori adireshi, da DNS mai mayar da sunan shafi zuwa adireshi, da NAT mai ba na'urori da yawa damar fita intanet da adireshi guda. Waɗannan duk ƙa'idoji ne na bai ɗaya da hukumomi irin su IETF da IEEE suka shimfiɗa, babu kamfanin da ya mallake su. Jarrabawa kuwa tambari ce, kuma darajar tambari tana wurin wanda zai karanta shi. Don haka kafin ka zaɓa, ka fara sanin ƙofar wa za ka ƙwanƙwasa, da irin na'urorin da ke cikin ɗakin sabarsa, wato ɗakin da ake ajiye manyan na'urorin netwok.

CCNA ta kamfanin Cisco ita ce wadda kowa ya sani, har jami'in ɗaukar ma'aikata da bai taɓa riƙe kebul ba ya san haruffan nan huɗu. A da CCNA iri-iri ce: akwai ta rauta da suwici, akwai ta tsaro, akwai ta sadarwa mara waya, kuma ana iya raba ta farkon zuwa jarrabawa biyu, wanda ya ci rabin farko a ba shi wata ƙaramar shaida mai suna CCENT. Ranar 24 ga Fabrairun 2020 Cisco ya tattara su ya mayar da su jarrabawa ɗaya mai lamba 200-301, ya soke CCENT. Duk wanda ya ba ka littafi ko bidiyo na kafin wannan rana, ka san tsohon manhaja ne. Minti 120 ake yi, tambayoyi wajen ɗari, ciki har da waɗanda za a buɗe maka na'ura a allo a ce ka saita ta da hannunka. Kashi 25 cikin ɗari na maki yana kan yadda rauta ke isar da saƙo, kashi 20 a kan tushen ilimin, wani kashi 20 a kan suwici da Wi-Fi, kashi 15 tsaro, kashi 10 hidimomi irin su NAT da DHCP, sauran kashi 10 kuma a kan sarrafa na'urori ta hanyar rubuta manhaja. A watan Agustan 2024 an yi mata ɗan kwaskwarima, aka ƙara bayani kaɗan a kan ƙirƙirarriyar basira da kula da na'urori ta kilawud, wato daga manyan kwamfutocin da ke kan intanet, amma gangar jikinta tana nan yadda take.

Abin da ya sa nake fifita manhajar CCNA a kan sauran shi ne ba ta yarda da hadda zalla. Ba za ka ci ta ba sai yatsunka sun saba da baƙin allon umarni, ka saita VLAN ka ga kwamfutoci biyu sun ƙi jin juna, ka bi sawu har ka gano cewa ka manta ka buɗe wa VLAN ɗin hanya a kan kebul ɗin da ya haɗa suwici biyu. Kuma kayan gwajin kyauta ne. Manhajar Packet Tracer tana ba ka damar jera rauta da suwici da kwamfutoci a allo ka haɗa su, tana aiki a kan laftof mai matsakaicin ƙarfi, ba ta cin data bayan ka sauke ta. A YouTube akwai cikakkun darussan 200-301 daga farko har ƙarshe ba da ko sisi ba. Makarantar Cisco ta NetAcad, wadda aka kafa tun 1997, ta raba karatun zuwa kwas uku, kuma jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da yawa suna koyar da su. Ɗalibin da ya ci jarrabawar ƙarshe ta kwas na uku da maki mai kyau a zaman farko yakan samu takardar ragi da ke zabge kaso mai tsoka daga dala 300 ɗin. Wannan ragin shi kaɗai ya isa dalilin da zai sa ka tambayi ko cibiyar da za ka shiga rajistattar NetAcad ce.

A nan akwai wani rami da matasa da yawa ke faɗawa, kuma yana ci mini rai. Cibiyar horo ta koyar da kai wata uku, ta buga maka takarda mai kyau da aka rubuta CCNA a kai, ka ɗauka ka gama. Wannan takardar halartar kwas ce. Ko takardar kammala kwas ta NetAcad ma ba ita ce CCNA ba. CCNA sai wanda ya yi rajista ta Pearson VUE, kamfanin da ke gudanar da jarrabawar, ya zauna jarrabawar, ya ci, aka ba shi lambar da duk mai ɗaukar aiki zai iya tantancewa a intanet. Wanda ya rubuta CCNA a takardar neman aiki alhali ta halarta ce a hannunsa, da an bincika ya zubar da mutuncinsa a banza, ko da ba da niyyar yaudara ya yi ba. Kafin ka biya kowace cibiya, ka tambaye su ƙarara: kuɗin nan ya haɗa da na jarrabawar Cisco, ko na koyarwa ne kawai?

CCNA tana da nata raunin. Turancin tambayoyinta yana da murɗiya, sau da yawa amsoshi biyu za su yi kama da daidai, kuma ba a komawa baya a gyara tambayar da aka wuce. Ba ta koyar da BGP, ƙa'idar da manyan kamfanonin intanet ke musayar hanyoyi da ita a tsakaninsu. Sannan kayan Cisco suna da tsada, saboda haka za ka fi samunsu a bankuna, manyan kamfanoni, hukumomin gwamnati da ofisoshin ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa. Otal ɗin unguwarku ko makarantar kuɗi da ke bayan gidanku da wuya su sayi Cisco sabo. Ga wanda kuɗinsa bai kai ba, Cisco ya fito da ƙaramar shaida a 2023 mai suna CCST, dala 125, ta masu fara aikin taimakon masu amfani da kwamfuta. Tana da amfani wajen gwada kai, amma ban ga tana buɗe ƙofar da CCNA ke buɗewa ba, kuma da ni ne da na haɗa kuɗin a kan na babbar.

Network+ ta CompTIA wata dabba ce daban. CompTIA ba ta ƙera na'ura, don haka jarrabawarta ba ta jingina da kayan kowane kamfani ba. Sigar da aka fitar a watan Yunin 2024 lambarta N10-009, tambayoyi ba sa wuce 90, minti 90, ana cin ta da maki 720 daga cikin 900. Ta fi CCNA faɗi ta wasu ɓangarori: nau'o'in kebul da kawunan faiba, tsarin bin matsala daki-daki har a gano tushenta, rubuta bayanan yadda aka shimfiɗa netwok, shirin farfaɗowa bayan gobara ko lalacewar na'ura. Amma ba ta kai ta zurfi ba, kuma ba ta tilasta maka zama gwani a saita na'ura. Bambancin kamar na yara biyu ne a gareji: ɗaya ya san sunan kowane sashe na injin kowace mota da aikinsa, ɗayan kuma a kan Toyota kaɗai ya koya amma ya sha kwance inji ya ɗaure. Ranar da aka kawo Honda, na biyun ne zai fi saurin kama aiki.

Ga kuma batun farashi: Network+ ta fi CCNA tsada, tana sama da dala 350. A Amurka tana da kasuwa sosai, musamman saboda ma'aikatar tsaron ƙasar tana lissafa shaidun CompTIA cikin waɗanda take amincewa da su ga ma'aikata da 'yan kwangila. Wannan dalili bai shafi mai neman aiki a Kano ko Kaduna ba. Idan burinka aikin nesa da kamfanin Amurka ne, ko kana shirin bin layin CompTIA zuwa Security+ don shiga harkar tsaron intanet, to tana da ma'ana. In ba haka ba, shawarata ka karanta manhajarta na wata ɗaya ko biyu a matsayin share fage, musamman idan ba kwamfuta ka karanta a makaranta ba, sannan ka ajiye kuɗin jarrabawar.

Huawei ita ce wadda ake rainawa alhali ba ta cancanci raini ba. Kaso babba na na'urorin da kamfanonin waya ke aiki da su a Afirka na Huawei ne, tun daga kan eriya har zuwa cibiyoyin da ke tattara zirga-zirgar bayanai, kuma Nijeriya tana cikin manyan kasuwanninsa. Shaidarsa ta matakin farko a wannan fanni ita ce HCIA-Datacom, lambar jarrabawa H12-811, dala 200, minti 90, ana ci da maki 600 cikin 1,000. Daga ita sai HCIP, sai HCIE a ƙololuwa. Manhajarta ta yi kama da ta CCNA ƙwarai. Wanda ya iya ɗaya, mako biyu zuwa uku sun ishe shi ya saba da ɗayar, domin yawancin bambancin a lafazin umarni yake: inda na'urar Cisco ke jiran show, ta Huawei display take ji, inda ake soke umarni da no a Cisco, a Huawei undo ake rubutawa, configure terminal ya zama system-view. Haɗa kebul da yawa su zama hanya ɗaya, wanda Cisco ke kira EtherChannel, Huawei na ce masa Eth-Trunk.

Babban abin jan hankali a nan shi ne makarantun Huawei da ke cikin jami'o'i. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya tana cikin waɗanda suka yi fice, ɗalibanta sun sha ciyo kyaututtuka a gasar fasahar sadarwa da kamfanin ke shiryawa a matakin duniya. Ɗaliban irin waɗannan makarantu sukan samu horo kyauta, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari sukan samu takardar zama jarrabawa ba tare da biya ba ko da ragi mai yawa. Idan kana jami'a ko kwaleji mai wannan tsari, kuma ka bari har ka gama ba ka leƙa ba, ka yi asarar abin da daga baya sai ka biya dala ka samu. Matsalolinta biyu ne. Na ɗaya, manhajar gwajinta mai suna eNSP ta tsufa, tana buƙatar tsohuwar sigar VirtualBox, manhajar da ke tayar da na'urorin gwaji a cikin kwamfuta, kuma takan ba da wahala a kan sabuwar Windows, sai mutum ya yi haƙuri kafin ta tashi. Na biyu, darajarta ta dogara da nahiya: tana da ƙarfi a Afirka da Gabas ta Tsakiya da Asiya, amma a Amurka da wasu ƙasashen Turai da suka taƙaita amfani da kayan Huawei ba za ta yi maka aiki sosai ba. Jarrabawar kuma ta zaɓi-ka-cika ce, ba ta matsa wa hannu kamar CCNA, don haka nauyin yin gwaji a kanka yake.

Sai MikroTik, wadda nake ganin ta fi dacewa da mutane da yawa fiye da yadda suke zato. Kamfani ne na ƙasar Latbiya da aka kafa a 1996, yana ƙera rauta masu araha da ke aiki da manhajarsa ta RouterOS. Ka shiga otal, ko makaranta, ko asibitin kuɗi, ko wurin masu sayar da intanet ta iska a unguwanni, sau da yawa ƙaramin akwatin MikroTik ne a maƙale a bango yake riƙe da komai. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, buƙatar masu iya saita ta ta ƙaru, saboda duk wanda ya sayi intanet mai ƙarfi yana son ya raba shi: ya ƙayyade wa kowa gudun da zai samu, ya buga tikitin hospot, wato Wi-Fi na haya, na awa ko na kwana, ya haɗa layi biyu ta yadda in ɗaya ya ɗauke ɗayan zai karɓa, ya hana mutum guda shanye komai da sauke fina-finai. Wannan aiki ne da ake biya a hannu, yau-yau, ba sai an jira takardar ɗaukar aiki daga Abuja ko Legas ba. Sai dai wanda zai sayar wa jama'a intanet ya fara duba sharuɗɗan kamfanin da ya saya a wurinsa da dokokin lasisi na hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC.

Shaidarta ta farko MTCNA ce, kuma tsarinta ya sha bamban da na sauran. Ba ka zuwa ka yi rajistar jarrabawa kai kaɗai. Sai ka halarci horo a wurin malamin da kamfanin ya tantance, yawanci kwana uku, a ƙarshe ka zauna jarrabawa mai tambaya 25 cikin awa ɗaya, a ci da kashi 60 cikin ɗari. Malamin ne ke yanka kuɗin horon, saboda haka farashi ya bambanta, kuma sau da yawa da naira ake biya, wanda hakan sauƙi ne babba. Bayan MTCNA akwai MTCRE ta zaɓar hanya, MTCWE ta sadarwa mara waya, MTCTCE ta sarrafa zirga-zirga, har zuwa MTCINE inda ake shiga BGP da MPLS, wata dabarar tura saƙo a manyan netwok. Kuma ita ce kaɗai a cikin huɗun da talaka zai iya sayen na'urarta ta gaske ya ajiye a ɗaki yana gwaji; ƙaramar hAP lite ba ta kai kuɗin wayar Android mai matsakaicin daraja ba.

Amma kwana uku ba sa mayar da mutum injiniya. Na ga masu MTCNA da suka iya danna wurare a Winbox, manhajar saita MikroTik, su tayar da hospot, amma da an ce su raba adireshi guda zuwa gida takwas, ko su bayyana dalilin da ya sa wata kwamfuta ke samun adireshi daga rautar da ba ita aka nufa ba, sai su tsaya. Kuma banki ko kamfanin mai ba zai kira ka intabiyu saboda MTCNA kaɗai ba. Ita ta mai son tsayawa da ƙafarsa ce, ko mai neman aiki a ƙananan kamfanonin intanet. Mafi kyawun haɗi da na sani ga mai ƙaramin ƙarfi shi ne ya karanta manhajar CCNA kyauta har ya fahimce ta, ya yi MTCNA ya fara samun aikin hannu, sannan ya biya jarrabawar Cisco daga ribar aikin.

Juniper, wani kamfanin ƙera na'urorin netwok, ba ta buƙatar dogon bayani ga mai farawa. Kayanta na manyan kamfanonin intanet ne da cibiyoyin adana bayanai, kuma kamfanin HPE ya kammala sayen ta a watan Yulin 2025. Shaidarta ta farko JNCIA-Junos ce, darussanta kyauta ne a shafin kamfanin, wanda ya bi su ya ci gwajinsu yakan samu ragi mai yawa a kuɗin jarrabawa. Tsarin Junos yana da daɗin aiki, domin duk canjin da ka rubuta ba ya hawa sai ka tabbatar da shi da commit, kuma kana iya umartar na'urar ta koma yadda take da kanta idan canjin ya katse ka daga nesa. Ta dace ta zama ta biyu, bayan CCNA ko HCIA, musamman ga mai hangen aiki a kamfanin intanet.

Akwai abin da dukkansu, in ban da CCST, suka yi tarayya a kai, kuma shi ne ake yawan mantawa: shekara uku kowace take yi ta mutu. Ɗalibin aji biyu a jami'a da ya ci CCNA, in aka haɗa da sauran shekarun karatu da jiran kiran bautar ƙasa da shekarar hidimar kanta, zai iya fitowa neman aiki da shaidar da wa'adinta ya ƙare. Saboda haka karatun a fara shi da wuri, amma biyan jarrabawa a jinkirta shi zuwa shekarar ƙarshe ko lokacin bautar ƙasa, sai fa in kyauta aka samu, wannan kam a karɓa ko yaushe ta zo. Sabuntawa a Cisco ana yin ta ta hanyar sake zama jarrabawa, ko cin wadda ta fi ta, ko tara maki 30 na ci gaba da karatu, kuma Cisco kan buɗe wasu kwasa-kwasan kyauta masu ba da irin wannan maki lokaci-lokaci. A CompTIA ma ana tara maki, ko a ci jarrabawar da ke sama da ita ta sabunta ta ƙasa.

Wurin zama jarrabawar shi ma abin dubawa ne. Ana iya yin CCNA da Network+ daga gida, mai sa ido yana kallonka ta kyamara. A takarda abin ya yi sauƙi. Amma ana buƙatar ɗaki shiru wanda ba mai shigowa, tebur wanda ba komai a kai, intanet da ba zai yanke ba na awa biyu, da wutar da ba za ta ɗauke ba. Yaro ya turo ƙofa ko murya ta tashi a tsakar gida, ana iya soke jarrabawar. A yanayin yawancin gidajenmu, kuɗin mota zuwa cibiyar Pearson VUE mafi kusa, ko da a wani gari take, ya fi araha a kan wannan kasada. Ka kuma tabbatar sunan da ka yi rajista da shi ya yi daidai harafi da harafi da na katin shaidarka, domin masu suna uku da ake juya jerinsu sukan gamu da matsala a bakin ƙofa. Ga 'yan'uwa na Nijar da suka yi karatu da Faransanci, darussan NetAcad suna nan da Faransanci, amma umarnin na'urori da yawancin takardun fasaha da Turanci suke, don haka gara a riƙa haɗawa da Turancin sana'ar tun daga kwas na farko.

Za a kawo maka tayin tambayoyin jarrabawa da aka sato ana sayarwa a WhatsApp da Telegram, a ce haddace su kawai za ka yi. Kamfanonin nan suna soke shaidar wanda suka kama, suna iya hana shi sake zama. Ko ba a kama ka ba, intabiyun aikin netwok ba ya ɓoye jahilci: za a ba ka alli ko a juyo maka da laftof a ce ga rassa uku, ga adireshi, tsara mana. Minti biyar sun isa a gane. Abin da ya fi damuna shi ne yadda wannan ɗabi'a ke rage darajar takardar a idon masu ɗaukar aiki, har wanda ya sha wahala ya ci da guminsa ya shiga cikin zargi.

To wa ya kamata ya ɗauki wacce? Ɗalibin da makarantarsa ke da tsarin Huawei ya yi HCIA-Datacom yanzu, tunda kusan kyauta ce, ya bar CCNA zuwa ƙarshen karatu idan har lokacin yana buƙatarta. Mai bautar ƙasa da ke hangen banki, hukumar gwamnati irin su Galaxy Backbone, ko ƙungiyar ƙasa da ƙasa, CCNA ce tasa, kuma alawus ɗin naira 77,000 ba zai biya ta a wata ɗaya ko biyu ba, sai ya fara tari tun daga sansani. Mai shagon gyaran kwamfuta ko mai saka kyamarorin tsaro da ya riga yana da abokan ciniki, MTCNA za ta fi saurin dawo masa da kuɗinsa, domin mutanen da yake yi wa aiki su ne masu buƙatar hospot da raba intanet. 'Yar'uwa da ke tunanin sana'ar nan ta hawa eriya ce da jan kebul a rana, ki sani babban ɓangarenta a zaune ake yin sa, a ɗakin sa ido kan netwok ko daga gida ta allon umarni, kuma CCNA ko HCIA ce ke kai mutum can. Wanda kuma yake da tabbacin tsaron intanet zai shiga, kada ya tsallake netwok ya ce zai fara daga sama, domin ba a kare hanyar da ba a san yadda take tafiya ba. Ya yi CCNA ko Network+ tukuna, sannan Security+ ko horon katangar tsaro ta FortiGate, wadda kamfanin Fortinet ke ba da darussanta kyauta a intanet.

Game da matakin gaba, kada a yi gaggawa. CCNP Enterprise jarrabawa biyu ce, ENCOR ta dala 400 da wata ta zaɓi kamar ENARSI ta dala 300, kuma tun 2020 Cisco bai wajabta riƙe CCNA kafin a zauna ta ba. CCIE kuwa gwajin hannu ne na awa takwas a kan dala 1,600, ban da kuɗin tafiya. Mai CCNP da bai taɓa aiki ko na shekara guda ba yana sa mai ɗaukar aiki shakka maimakon sha'awa. Bayan shaidar farko, abin da ya fi ƙara wa mutum daraja shi ne shekara ɗaya ko biyu a bakin aiki, ko da a ƙaramin kamfanin intanet ne mai ƙaramin albashi, tare da koyon Linux, da karanta zirga-zirgar bayanai da Wireshark, da ɗan Python na sarrafa na'urori da yawa a lokaci guda. A nan ne ma yawanci ake samun kamfanin da zai biya wa ma'aikacinsa kuɗin jarrabawa ta biyu, musamman kamfanonin da ke dillancin kayan Cisco ko Huawei, domin matsayinsu a wurin uwar kamfanin ya dogara da yawan ma'aikatansu masu shaida. Idan ka je intabiyu a irin wannan wuri, ka tambaya ko suna ɗaukar nauyin jarrabawa, da shekara nawa za su ɗaure ka da aiki idan sun biya.